Zuwa ga Ummi, Mai Tafiya Karatun Tsufa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗiyata Ummi,

Ina gaishe ki gaisuwar uba ga ɗiyarsa, tare da fatan kin sauka lafiya. Allah Ya tsare ki daga sharrin hanya da na baƙunta, Ya haɗa ki da mutanen kirki a ƙasar da ba ki san kowa ba. Na ce wa mahaifiyarki ta sa miki wannan takarda a ƙasan akwati, ƙarƙashin kayan sanyi, don ina so ki karanta ta a zaune, bayan kin huta, ba a cikin hayaniyar tasha ba.

Ba labarin gida zan ba ki ba, wannan mahaifiyarki za ta cika miki kunne da shi a waya. Kin zaɓi ki karanci yadda jikin mai rai yake tsufa, aikin da ni ma na ƙarar da ƙuruciyata a kansa. A can za ki gamu da malaman da suka fi ni sani nesa ba kusa ba. Abin da ba za su iya ba ki ba shi ne labarin wuraren da mahaifinki ya yi tuntuɓe. Ranar walimar ritayata kin ji yadda aka yi ta yabona. Ina zaune ina sauraro, ina cewa a raina da Ummi za ta ji sauran, da ya fi mata amfani.

Kin san nan Illo aka haife ni. Kakanki fatauci yake yi, yana kai albasa tsallaken iyaka ya dawo da gishiri da atamfa, kuma a can wajen Madekali ya auro kakarki, wadda kika ci sunanta, shi ya sa har yau ban taɓa kiran ki da sunanki na yanka ba. A zamanin, da ruwan sama ya sauka sai fadamar bayan gari ta cika da ƙananan tafkuna. Muna yara mukan tuɓe riguna mu shiga da ƙwarya, mu kamo wasu 'yan kifaye da ba su kai tsawon ɗan yatsa ba, mazansu da ja da shuɗi a jiki kamar an yi musu ado. Ba a cin su, wasa kawai muke yi da su. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, kafin a yanke gero sai ka ga kifayen nan sun canza. Launinsu ya kwanta, bayansu ya ranƙwafa, ka kai hannu ba sa ko gudu. A damina guda sun yi ƙuruciya sun yi tsufa. Na tambayi malaminmu na firamare dalili, ya ce in na yi karatu da yawa zan gano da kaina. Ina jin don in bar shi ya huta ya faɗa, amma ni na riƙe maganar.

Da na gama digirina na farko a ilimin halittu, jami'a ta riƙe ni koyarwa. Damina na kamawa na dawo gida da babur, da dogon takalmin roba, da raga, da kai a sama. Na riga na yanke a raina cewa kifayen daga kogin Kwara suke shigowa idan ya yi ambaliya, saura kawai in gano hanyar da suke bi. Akwai wani tafki kusa da ƙauyen Kurgu da na fi zuwa, ni da wani abokin aikina. A gefensa wani dattijo Basarke, masunci, yake zama yana gyaran koma, ana ce masa Baba Alu. Kwana uku yana kallon mu, a na huɗu ya yi magana.

"Malam, mi kaka biɗa cikin ruwan ga tun da sahe?"

Na ce masa hanyar da kifayen ke bi daga kogi nake nema.

Ya ce, "Ba su biyo wata hanya ba. Nan suke, cikin ƙasa. Uwayensu na binne ƙwai cikin laka kahin ruwa shi ƙahe. Ƙwan shina nan kwance duk rani, sai ruwan sama ya taɓa shi."

Ummi, dariya na yi. Na juya na ce wa abokina, da Turanci, ka ji abin da jahilci ke sa mutum ya faɗa, wai ƙwan kifi a busasshiyar ƙasar da ke tsagewa don zafi. Baba Alu ba ya jin Turanci, amma ya ji dariyar. Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da ɗinkin komarsa.

Damina biyu na ɓata ina bin kwazazzabai, ina zana taswirar magudanan ruwa, ban sami komai ba. Wasu tafkunan ma ko a shekarar da kogi ya fi cika ruwansa ba ya isa gare su, ga kuma kifayen a ciki. Da na rasa yadda zan yi, sai wata rana da bazara na ɗauki fartanya na je na kankaro busasshiyar laka daga tsakiyar tafkin Kurgu, na zuba a bokiti a bayan ɗakin Inna, wato kakarki, na tara ruwan saman farko na kwara a kai. Ban gaya wa kowa ba, don kunya. Washegari da hantsi na leƙa, sai ga wasu 'yan abubuwa sirara kamar gashin ido suna wutsil-wutsil a ruwan. Na durƙusa a gaban bokitin nan ina ta kallon su.

Na hau babur na tafi Kurgu. Baba Alu na hango ni ya ce, "To, sun hito?"

Na ce, "Sun fito, Baba."

Ya ce, "Madalla. Zamna ka sha hura."

Bai ƙara ko kalma ɗaya a kan maganar ba. Da ya yi mini gori, da na fi samun sauƙi. Daga baya na tarar ashe an daɗe da rubuta irin wannan game da kifayen wasu ƙasashe, ni ne ban karanta ba. Ashe a gefen tafkin nan, cikinmu uku, wanda bai je makaranta ba shi ne mai sanin abin. Don haka in wani ya gaya miki abin da ya gani da idonsa, ko mai sharar ɗakin gwajinku ne, kada ki yi dariya. Ki tambaye shi yaushe ya gani, sau nawa ya gani, sannan ki je ki gwada. Bokiti ɗaya ya ishe ni tun ranar farko.

Daga nan aiki ya buɗe mini. Kifin da ke tsufa cikin 'yan watanni kyauta ce ga mai binciken tsufa, don ba sai ka jira shekaru kafin ka ga ƙarshen abin da ka fara ba. Aka ba ni wani ɗan ɗaki a bayan sashenmu, na jera akwatunan gilashi a kan katako, na cika su da kifayen fadamarmu. Ina kewar ɗakin nan har yau. Ƙarnin ruwa, ƙarar ɗan injin da ke busa iska a akwatunan, hasken la'asar idan ya faɗo kan mazan kifayen jansu ya ƙara fitowa. Idan aka ɗauke wuta mu bi akwatunan muna motsa ruwa da hannu. Ban taɓa jin daɗin aiki kamar a shekarun nan ba.

A ɗakin nan ne kuma na yi abin da na fi jin kunyarsa a duk aikina. Akwai ma'aikaciyar ɗakin gwaji da aka haɗa ni da ita, Malama Talatu, mutuniyar Zuru, ta girme ni da 'yan shekaru. Ita ke ciyar da kifayen, ta sauya musu ruwa, ta rubuta ranar da kowanne ya mutu. Tana da wani littafi mai baƙin bango da take rubuta har abin da ba a ce ta rubuta ba. Abin da nake bincike a lokacin shi ne ko kifin da aka rage wa abinci yakan fi jinkirin tsufa. Yawancin akwatunan sun nuna haka, na yi ta murna. Amma waɗanda ke jikin taga sun ƙi. An rage musu abinci kamar sauran, duk da haka su suka riga kowa ranƙwafawa.

Ana shirin wani taron masana, kuma ƙarin girmana na tafe. Na kira Malama Talatu na ce ta sake kwafe mini sakamakon, ta bar na jikin taga.

Ta ce, "Dakta, me suka yi?"

Na ce, "Sun ɓata lissafi. Wataƙila wata cuta ce ta kama su."

Ta ce, "Ba su yi cuta ba. Ni na ciyar da su da hannuna, su ma kifi ne kamar sauran. In ka cire su, abin da za ka faɗa a taron ba shi ne ya faru a ɗakin nan ba."

Na ce mata aikinta ciyarwa, tunani nawa ne. Haka na faɗa, ba zan gyara miki kalmar ba. Ta ƙi kwafewa, na kwafe da kaina. Kafin wata ya ƙare na yi magana da shugaban sashe aka mayar da ita ɗakin ajiyar kaya, inda ba abin da take yi sai jera kwalabe.

Na je taro, aka tafa mini. Na dawo na sake gwajin don in faɗaɗa shi, sai ya ƙi fitowa yadda na faɗa. Na sake, ya ƙi. Sai da na kusa shekara ina wannan kokawa kafin na haɗiye girman kaina na sauka ɗakin ajiya. Na same ta a kan ɗan benci tana goge kwalba. Na roƙe ta littafinta mai baƙin bango. Ta buɗe jakarta ta miƙo mini, ashe kullum yana tare da ita. Ina buɗewa na ga ta riƙa auna zafin ruwan kowane akwati, safe da rana, ba tare da wani ya sa ta ba. Ruwan jikin taga ya fi na sauran ɗumi kullum. Zafi ne ya gaggauta musu tsufa. Akwatunan da na jefar su ne ke ɗauke da abin da ya fi muhimmanci a duk gwajin.

Na rubuta wa waɗanda suka shirya taron na janye abin da na gabatar, na faɗi dalili ba tare da kwana-kwana ba. Ƙarin girman ya wuce ni, na daɗe ina ganin waɗanda muka fara tare suna gabana. Wasu suka daina gaishe ni da fara'a. Na koma wurin Malama Talatu na nemi gafara, na roƙe ta ta dawo mu yi aikin zafin tare, sunanta kusa da nawa.

Ta ce, "Na yafe maka, Dakta, tun da daɗewa. Sunana ka sa, don aikina ne. Amma ɗakin nan ba zan koma ba. Na daina jin daɗinsa."

Ba ta koma ba har ta yi ritaya. Ni na raba ta da aikin da take so, kuma neman gafara bai mayar mata da shi ba. Ummi, ranar za ta zo miki, tana zuwa wa kowa. Za ki ga sakamako ya kusa zama yadda kike so, sai wani ɗan ɓangare ya tsaya miki a maƙogwaro. Kada ki cire shi. Ki zauna da shi, ki tambaye shi me ya sa ya bambanta. Kuma wanda ya tsaya a gabanki ya ce kin yi ba daidai ba, alhali ya san kina iya cutar da shi, ki riƙe shi da kyau. Irinsu ba su da yawa.

Ke ma na yi miki laifi a ɗakin nan, ban sani ba ko kina tunawa. Kina 'yar shekara bakwai ko takwas kike bi na ranar Asabar. Akwai wani namijin kifi da kika sa wa suna Ɗan Gayu saboda jan jelarsa. Kin gan shi yana ta ƙwalisa, kin gan shi ya fara ranƙwafawa, wata Asabar muka tarar ya mutu. Kika fashe da kuka. Ni kuwa ina sauri in auna shi kafin ya lalace, sai na daka miki tsawa na ce mai son aikin kimiyya ba ya kuka a kan kifi. Kika share hawaye da gefen hijabinki, kika miƙo mini ɗan farantin awo. Tun daga ranar ban ƙara ganin kukanki ba, ko ranar da aka yi miki ɗinki a ƙafa. Na daɗe ina ɗauka jarumta na koya miki. Ba gaskiya na gaya miki ba. Wanda ba ya jin komai idan mai rai ya mutu a hannunsa, bai kamata a bar shi da masu rai ba. Ki yi awonki daidai, in kuka ya zo ki yi abinki.

Yanzu sai maganar Inna, wadda na fi kwana biyu ina kewaye takardar nan kafin in rubuta.

Kakarki Dandanci ne harshenta na gida. Hausa a Illo ta koya, kuma har ta tsufa in ta yi magana ka san daga tsallake take. Ina ƙarami da Dandanci take mini magana, da shi take mini waƙa in tana daka. Da aka kai ni makarantar kwana a Birnin Kebbi, yara suka ji lafazina suka sa mini suna Ɗan Tsallake. Na dawo hutun farko da niyyar ba zan ƙara furta kalma ɗaya ta harshen ba. Ta yi mini magana da Dandanci, in amsa da Hausa. Ta sake, in sake. Ba ta taɓa yi mini faɗa ba. Wani hutu dai na lura ta daina, ta koma yi mini Hausa kamar baƙo. Na ji daɗi a lokacin. A hankali harshen ya zube daga kaina, ya rage mini gaisuwa da sunayen 'yan abubuwa.

Shekaru suka wuce, kakanki ya rasu, Inna ta zauna da gwaggonki Hajo a gidan nan da nake rubuta miki wannan. Wata shekara da farkon damina Hajo ta kira ni.

Ta ce, "Yaya, Inna ta hwara mantuwa. Jiya ta aza tukunya ta tahi ta bar ta. Ka zo ka gan ta."

Na ce mata yanzu kifayena suka ƙyanƙyashe, dole in bi su kullum har su tsufa, in na ɗaga aikin shekara ya lalace. Na ce ta bari damina ta ja baya. Na aika da magani, na faɗa mata abincin da za a riƙa ba ta. Ki duba wannan da kyau: ina zaune ina rubuta ranar da bayan kifi ya fara lanƙwasa, uwata tana tsufa a Illo, tafiyar yini ɗaya tsakaninmu.

Hajo ta sake kira bayan wata biyu, ta ce Inna ta fara cakuɗa harshe. Na ce saura kaɗan. Da na zo, gero ya yi kai, Hausa ta riga ta bar ta gaba ɗaya. Ta koma harshen da aka yi mata magana da shi tana goye. Hajo ba ta yar da nata ba, ita ke fassara mini. Inna ta gane ni, wannan na gode wa Allah a kai.

Kwana na uku da zuwana, Hajo ta tafi barkar haihuwa bayan la'asar, aka bar ni da Inna a ƙofar ɗakinta a kan tabarma. Tun da na zo ba ta cika magana ba, sai ranar ta kama wuyan hannuna ta fara. Ta yi magana mai tsawo, muryarta garau kamar ta da. Ta yi dariya a wani wuri har ta dafa ƙirji. Ta kai yatsa ta taɓa tabon nan na goshina, ta ci gaba. Na tsinci sunana, na tsinci sunan kakanki, na tsinci kalmar ruwa. Sauran duk ya wuce ni. Can sai ta tsaya, ta yi mini tambaya, na gane tambaya ce daga yadda ta ɗaga murya. Ta zuba mini ido tana jira.

Na ce mata "fofo", gaisuwar da ko baƙon kasuwa ya iya. Ta daɗe tana kallo na, sannan ta saki hannuna.

Na tashi da gudu na shiga maƙwabta na kira wata tsohuwa mai jin harshen. Kafin mu dawo Inna ta shiga ɗaki ta kwanta ta juya fuska ga bango. Tsohuwar ta yi ta lallashin ta, ba ta tanka ba. Washegari Hajo ta tambaye ta me ta gaya wa Yaya jiya, ta ce ba ta san an yi haka ba. Ta rasu kafin a gama girbi. Allah Ya jiƙan ta, Ya sa Aljanna ce makomarta. Na karanta littattafai da yawa a kan abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwar tsoho, na koyar da shi a aji, ina iya zana miki shi a allo. Amma abin da uwata ta tambaye ni a ranar nan, ban sani ba, kuma ba wanda zan tambaya.

Saboda haka ki riƙe Hausarki, da 'yar Fulatancin da kika tsinta a wurin dangin mahaifiyarki. Za a yi wa lafazinki dariya a can, ki bar su su yi. Kuma duk ranar da aka kira ki aka ce wani naki ba shi da lafiya, kada ki ce sai gwaji ya ƙare. Ana sake gwaji. Na sake nawa sau ba adadi.

Wannan ne ya sa da na yi ritaya ban zauna birni ba, na dawo Illo, ko da yake ku yara kun yi ta ƙorafin rashin wuta. Garin ya canza. Yawancin fadamar da muka yi wasa an mayar da ita gonar shinkafa, injin ban ruwa na ta ƙara inda da kwaɗi ne ke kuka. Hanyar da kakanki ke bi da jakuna yanzu babura ne ke tsere a kanta. Tafkin Kurgu yana nan, ya ragu. Bana na je na tsaya a bakinsa, na ga 'yan kifayen suna nan da jansu. Na ji kamar in tuɓe takalmi in shiga, sai na tuna gwiwoyina.

Saura abu ɗaya, shi kuma ba tsohon labari ba ne. Watanni kaɗan da suka wuce na je ta'aziyya Sharabi, ni kaɗai a mota. A hanyar dawowa na iso wata mararraba da na bi tun ina saurayi, sai na rasa wace hanya ce ta gida. Rana tsaka, ba gajiya nake ji ba. Na gangara gefe na kashe mota, na zauna ina kallon hanyoyin biyu kamar ban taɓa ganin su ba. Bayan ɗan lokaci abin ya dawo, na kama hanya. Ban gaya wa kowa ba. Da ya sake faruwa a wani abu dabam, na fara rubutawa da rana da lokaci, don sabo. Da shafin ya cika na nuna wa mahaifiyarki, muka je Birnin Kebbi wurin wani likita da na taɓa koyarwa.

Ya gama gwaje-gwajensa ya ce, "Malam, ka fi ni sanin abin da muke tsoro. Amma ba mu tabbatar ba tukuna, kuma ko shi ne, akwai sauran lokaci mai yawa."

Na ce masa na sani, ni na koya masa wannan jimlar.

Mahaifiyarki ta so a gaya miki kafin ki tafi. Ta ce, "Alhaji, haƙƙinta ne ta sani." Ni na hana, don na san da kin ajiye takardunki kin ce sai baɗi, baɗi kuma ta zama wata baɗin. Kada ki ga laifinta. In wannan ma kuskure ne, ki haɗa shi da sauran, ki yafe mini.

Na san za ki ce yanzun nan na gama gaya miki kada aiki ya hana ki zuwa wurin naki. Haka ne, kuma ban janye ba. Amma ba a kira ki ba tukuna. Ina cin abincina, ina zuwa masallaci da ƙafata, ina karatu, ina gardama da mahaifiyarki kamar kullum. Na sa ta yi mini alkawari a gaban gwaggonki Hajo cewa ranar da ya kamata ki zo za su gaya miki, ba ɓoye-ɓoye. In sun kira, ki taho. Kafin nan ki zauna ki yi abin da ya kai ki.

Kada kuma ki ɗora wa kanki cewa ke ce za ki samo mini magani. Aikin nan ba ya tafiya da saurin da mai ƙauna yake so, kuma wanda ya matsu ya ga wani sakamako shi ne ya fi saurin ruɗin kansa. Ki yi shi don kina son sani, yadda kike so tun kina ƙarama. Ki ci abinci a kan lokaci, ki nemi abokai, kada ki wuni ke kaɗai da na'ura. Ki kiyaye sallarki ko da rana ta rikice miki a can.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Ki kira ni ranar Juma'a bayan an sauko, ki gaya mini abin da kika gani a ɗakin gwajinku a makon, har da wanda bai yi ba. Ina so in ji. In kika ji na tambaye ki abu sau biyu, ki amsa mini sau biyu, da murya iri ɗaya. Kada ki yi shiru a tsakani, zan gane.

Allah Ya yi miki albarka, Ummi. Ya buɗe miki ƙirji, Ya ba ki ilimi mai amfani da gaskiyar riƙe shi. Ya tsare ki a fitarki da shigarki, Ya kare ki daga sanyin ƙasar da kaɗaicinta. Na yafe miki duk abin da kika sani da wanda ba ki sani ba, duniya da lahira. Allah Ya dawo mana da ke lafiya, Ya sa in kin shigo zauren nan in ɗago kai in san ɗiyata ce ta dawo.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki.